Wai ina makaɗan Kano suka shiga ne, biki ya koma danna kwamfuta?

Kawun Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu yau, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya. Mun je bikin 'yar wani abokina, da daddare aka ce akwai dina a wani ɗakin taro can wajen Nasarawa kuma an ɗauko mawaƙi an biya shi kuɗi masu kauri. To ni da na ji an ce mawaƙi sai na gyara zama ina jiran in ga an shigo da kayan kiɗa. Wallahi ko gwangwani ba a shigo da shi ba. Wani yaro ne da laftof a kan tebur da manyan sifiku guda biyu, mawaƙin ya shigo aka danna masa waƙarsa ya riƙe makirfo yana bin ta da baki, mutane na ta liƙi. Can sai wuta ta ɗauke, kafin a tada janareta an yi kusan minti biyar, bawan Allahn nan yana tsaye bai iya rera ko baiti ɗaya da bakinsa ba, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa.

Ni na ga zamanin da ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a kunna fitilar gas a ɗauko Garba Supa da kukumarsa da masu kalangu da 'yan amshi, babu ruwan kowa da wutar lantarki, a kwana ana yi har a ji kiran assalatu. Kana shigowa fage wani daga cikin yaransa zai raɗa masa sunanka, kafin ka zauna ya sa ka a waƙa da kai da ubanka da sana'ar gidanku. Na ga Shata da idona ba sau ɗaya ba, mutumin da in ya yi maka waƙa yau ya sake yin ta gobe sai ka ji ta canja, don a fagen yake ƙera ta. Ina waɗannan mutanen suka shiga? Ba wai su kansu ba, na san sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ina nufin irinsu. Garin nan da girmansa a ce babu ƙungiyar kiɗa guda biyar da za ka ɗauko su yi maka wasa da hannunsu?

Ɗan Zoo Road:
Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Gsky abin da ya faru jiya abin kunya ne ban musa ba, duk mawaƙin da aka ɗauke wa wuta ya kasa buɗe baki to da sauransa. Amma kar a yi mana kuɗin goro don Allah. Ni sana'ata kenan kiɗan fiyano shekara tara ina situdiyo, na san yaran da in suka rera maka waƙa haka nan ba kiɗa sai tsikar jikinka ta tashi. Nura M. Inuwa ba murya ce babu ba, Ali Jita ma haka, Aminu Ala kuwa in ana maganar Hausa da azanci ai ko a zamanin da kake magana sai an ba shi wuri ya zauna.

Kawun Fagge:
Ɗana ban ce ba su da murya ba. Ala ina jin sa kuma ina girmama shi. Maganata ita ce waƙa a da aikin mutane da yawa ce, yanzu ta koma aikin mutum ɗaya da na'ura. Ka ɗauke 'yan amshi daga waƙar Ɗanƙwairo ka ga me zai rage. Su suke karɓe masa baiti tun bai kai ƙarshe ba su ƙarasa shi su miƙo masa, kamar masu sussuka kowa ya san lokacin da taɓaryarsa za ta sauka. Wannan ba a kwana ɗaya ake samun sa ba.

Tsohon Ma'aikaci Kaduna:
Alhaji na Fagge ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma bari in gyara wani abu kafin yara su ɗauka faɗanmu da kayan Bature ne. Mu a Kaduna mun yi Bala Miller, ƙungiya ce guda da ƙahonni da jita da ganguna irin na Turawa, yana waƙa da Hausa tsantsa, kuma a lokacin ma akwai dattawan da suke cewa wannan ba kiɗanmu ba ne. Amma fa duk abin da kunnenka ya ji a wurin akwai mutumin da yake busa shi ko yake kaɗa shi a gabanka, kana ganin gumi na zuba. Ya rasu 2003 kuma tun daga nan ban ga wanda ya sake tara mutane haka a arewa yana waƙar Hausa ba. To ka ga ba fiyano ce matsalar ba, a kawo fiyanon ma a buga ta a gabanmu mu gani mana. Abin da ya tafi shi ne hannu.

'Yar Kaduna:
Ni dai Baba ku yi haƙuri amma wlh in aka ce za a yi bikina da kalangu ƙawayena ba mai zuwa. Ba raini ba ne, kawai ba da shi muka tashi ba. Mu Hamisu Breaker muka sani da Umar M. Shareef da Ado Gwanja da DJ AB, lokacin kullen korona 2020 da Jaruma ta fito har matan aure rawa suke suna ɗorawa a waya, to wannan shi ne namu kamar yadda Garba Supa yake naku. Shata ma a TikTok na fara jin sa sosai da ake yanko gutsure ana ɗorawa a bidiyo, kuma ya burge ni, amma Narambaɗa na gwada saurara rabin abin da yake faɗa ban gane ba sai da na tambayi kakata.

Bagobiri na Sabon Birni:
Ɗiyata ba laifinki ba ne, Hausar Narambaɗa Hausar Gobir ta da, ko nan wajenmu yaran yanzu sai an fassara musu wasu kalmomi. Amma ku Kanawa kuna kukan ba ku da makaɗa wurin dina, mu namu kukan ya wuce nan. Ƙasar da ta hidda Narambaɗa a Isa, da Ɗanƙwairo da Kurna wajen Maradun, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi, ku ambaci sunayen garuruwan ga ku ji mi ake faɗi kansu a labarai yau. Wa zai kwana fage yana kiɗa garin da ba a iya kwana gida da ido biyu rufe? Da in an yi girbi kowane ƙauye sai ka ji ganga, kokawa nan dambe can, 'yan mata na gaɗa a dandali da farin wata, nan ne yaro ka fara jin kiɗa shi shiga jikinai tun bai san mi a waƙa ba. Yanzu magariba na yi kowa ya shige. Makaɗan da sunka rage da yawa sun gudo birni, wani na ga ruwa wani na gadi. Kotso kuwa in ba fada ba ban san inda za ka ji shi ba, da hannu aka kaɗa shi ba da makaɗi ba, kuma sai an sa mishi nake, wani abu mai danƙo, a tsakiyar fata kafin shi ba da wagga murya, yara nawa sunka san haka yau?

Inna 'Yar Funtua:
Salamu alaikum, tun ɗazu nake karantawa ina jira in ji an ambaci mata shiru, kowa Shata Ɗanƙwairo Narambaɗa. To mu ma muna da namu. Barmani Coge a garinmu ta zauna har Allah ya karɓi ranta 2013, da ita da Uwaliya Mai Amada ta Kano su suka riƙe bikin mata shekara da shekaru. Kiɗan ƙwarya, a cika babbar ƙwarya da ruwa a kifa ƙarama a kai a samu 'yan sanduna, wasu kuma a kife a ƙasa, shi kenan an gama haɗa kayan kiɗa. Cikin gida ake yi mu ya mu babu namiji, tsohuwa ta tashi ta taka amarya ta taka, a yi wa mace faɗa a cikin waƙa ta tashi ta kama sana'a ko dakau ne ko ƙuli-ƙuli kar ta zauna jiran miji, a yi habaicin kishiya a yi dariya a watse ba wanda ya ɗauki hoton kowa. Yanzu kina tashi rawa waya goma na kanki, gobe ki ga kanki a duniya, shi ya sa irinmu muka daina tashi ma gaba ɗaya.

Amma Alhaji zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, kar mu wanke zamaninmu tas kamar ba shi da datti. Waƙoƙin da ma akwai batsa a ciki wacce in na tuna yanzu sai in ce ashe haka muke ji muna shewa. Akwai zambo mai zafi da ake yi wa mutum ya kasa fita kasuwa. Wuraren da ake kiɗan goge da kukuma da daddare ai kun san ba masallaci ba ne, iyayenmu hana mu zuwa suke. Kuma yaran nan mata na yanzu irin Fati Nijar da Maryam Sangandale muryarsu ba ta da laifi ko kaɗan, da a zamanin ƙwarya suka zo da su za su zama zabiyoyi.

Kawun Fagge:
Hajiya wannan gaskiya ne, ban isa in musa ba. Na san wuraren da kike nufi a Sabon Gari.

Malamin Hausa:
Bari in sa baki daga ɓangaren tarihi, don wannan abin da Kawu yake kuka a kai ba dare ɗaya ya faru ba. Makaɗin Hausa tun asali yana da ubangida. Kowace sana'a da kiɗanta, mahauta kalangu, maƙera dundufa, manoma gangar noma, mafarauta da 'yan bori garaya, sarauta kuma tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa Amadu, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, sarki ne yake ba su hatsi da doki da riga har da gida, shi ya sa mutum zai iya riƙe mutum goma suna bin sa ba su da wani aiki sai amshi. Da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka zo aka yi gyaran ƙananan hukumomi 1976, aljihun fada ya ragu, sai attajirai da 'yan kwangila na zamanin kuɗin mai suka karɓi riƙon, ku duba yawan alhazan da Shata ya yi wa waƙa za ku gane. Rediyon Kaduna kuma ya kai muryoyinsu ko'ina, aka yi faifan garmaho aka zo aka yi kaset. Har jami'a ta yarda da su, ABU Zariya ta ba Shata digirin girmamawa 1988.

To sai manyan suka fara tafiya, Ɗanƙwairo 1991, Shata 1999, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa na gwangwanin kifi shi ya daɗe har 2015. A daidai wannan tsakanin ne fim ɗin Hausa ya taso, 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka yi fim ɗin Turmin Danya 1990, kafin ƙarshen shekarun 1990 fiyano ta shigo situdiyoyin Kano, mai shirya fim ya ga da mutum ɗaya zai samu kiɗan da a da sai ya tara mutum takwas. Sai ga shari'a a 2000, wasannin dare da yawa suka tsaya, aka kafa hukumar tace fina-finai a Kano 2001. Kiɗan fage ya rasa fage, na situdiyo kuma yana ɗaki a rufe ba ya buƙatar fage. Wani abu kuma da ake mantawa, ɗaukar karin waƙar Indiya da ake zagin yaran fim da shi ba su suka fara ba, Abdu Yaron Goge a Jos ya yi da gogensa tun zamanin da ake cika silima a Plaza da Orion na Kano ana kallon Indiya.

Ɗan Zoo Road:
Malam Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da nake so in faɗa ban san ta inda zan fara ba. Maganar duk ta kuɗi ce. Yau mawaƙi ya yi waƙa babu kaset ɗin da zai sayar, Ƙofar Wambai da ake dillancin kaset da faifai wannan kasuwar ta mutu, waƙa tana fita yau gobe tana wajen masu turawa a Farm Centre suna zuba wa mutane a memori shi ko sisi ba ya gani. Abin da ya rage masa biki ne da siyasa da ɗan abin da YouTube zai kawo in yana da mabiya. To a haka za ka ce ya ɗauki mai kalangu uku da 'yan amshi biyar ya ciyar da su da iyalansu ya sa su a mota duk inda za shi? Ku da kuke kewar abin nawa za ku biya? Mai biki ne fa da kansa yake cewa a zo da DJ ya fi sauƙi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan ma waƙoƙinku na Kano su ke cikin wayar kowane yaro, Fati Nijar ma ai ɗiyar Maraɗi ce ta tafi can don can kasuwa take. Amma akwai abin da gwamnatinmu ta yi tun da wanda ya taimaka kaɗan, an yi gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, kuma akwai makarantar koyon kiɗa a Yamai mai sunan Elhaji Taya inda yaro zai je a koya mishi gurumi ko kalangu ko jita kamar yadda ake zuwa lakwal, wato makarantar boko. Marigayi Malam Mamman Barka da ya rasu 2018 malamin makaranta ne ya ɗauki gurumi, daga baya ya tafi har bakin tafkin Cadi ya koyo biram, wani kayan kiɗa mai tsarkiya, wajen tsohon da ya rage yana kaɗa ta don kar ta ɓace. Ban ce mun tsira ba, wanda zai maye Ma'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram ba a nan kusa yake ba. Abin da nike so ku lura da shi, Buzayen Agadas irin su Bombino suna yawo Turai da Amurka ana biyan kuɗi a shiga kallonsu, don mi? Don suna hawa dandamali su kaɗa da hannunsu. Nasara, wato Bature, ba zai sayi tikiti ya zo kallon mutum yana bin kaset da baki ba. Da akwai ƙungiyar Hausa mai kalangu da kukuma da ta shirya kanta da kyau wallahi da ta ci wannan kasuwa.

Jikan Makaɗi:
Tun safe nake ganin wannan zancen ina rubutawa ina gogewa. Ni ɗan gidan kiɗa ne, kakana da babana duk masu kalangu ne na mahauta, a bakin kwata na tashi. Kawu ka yi tambaya ina irinsu suka shiga, to ga ɗaya daga cikin amsar yana maka rubutu, ni ne ya kamata in gada ban gada ba. Ina shekara bakwai aka rataya min kurkutu, haka ake farawa, ka yi shekaru kana riƙe ƙaramin kiɗa kana ɗaukar kaya kana amshi kafin a yarda ka saɓa kalangu a hammata. Kuma kalangu magana yake, in ka matse tsarkiya murya ta hau in ka saki ta sauka daidai yadda harshen Hausa yake hawa da sauka, kowane mahauci a kwatar nan da takensa, babana zai kaɗa daga nesa mutum yana cikin fiɗa ya ɗago kai don ya ji an kira shi ba a buɗe baki ba. Ɗan Zoo Road ba raina aikinka nake ba amma wannan abin babu shi a fiyano, sautin kalangun da ke cikinta gawa ce, ƙara ɗaya take bayarwa kullum.

Me ya sa na bari? A makaranta ɗan maroƙi ake ce min. Da na girma na nemi aure a wani gida a cikin gari, an yi nisa har an fara maganar sa rana sai wani baffanta ya yi bincike ya dawo ya ce ba a haɗa jini da maroƙa. Mutumin nan fa a motarsa kaset ɗin Shata ne ke ciki kullum. Ranar da na dawo gida na faɗa wa babana bai ce komai ba sai da aka kwana biyu ya kira ni ya ce je ka koyi gyaran mota. Shi da kansa ya cire ni. Ya rasu kalangunsa na rataye a ɗakin tsohuwarmu fatar ta bushe ta tsage. Mu tara ya haifa ba ko ɗaya da ke kiɗa. Saboda haka in ana cewa yaran zamani sun kashe kiɗan gargajiya raina ɓaci yake, ba su suka kashe ba, sun zo sun tarar an riga an kore mu. Kuma ku lura yaron da ke waƙa da fiyano ba a ce masa maroƙi, mawaƙi ake ce masa ko fasihi, ana ba shi aure ana ɗaukar hoto da shi, wannan kaɗai ya isa ya sa kowane yaro mai murya ya gudu daga ganga.

Kawu don Allah ka amsa min tsakaninka da Allah, a lokacin da kake zuwa kallon Garba Supa da ɗanka ya ce zai bi shi ya koyi kukuma za ka bari?

Kawun Fagge:
Ɗana na daɗe ina kallon tambayar nan. Wallahi ba zan bari ba. Kuma da 'yata ce a wancan lokacin ina jin abin da baffan nan ya yi shi zan yi, ba zan yi maka ƙarya ba. Mun so kiɗan ba mu so makaɗan a cikin zuri'armu ba. Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Inna 'Yar Funtua:
Allah ya jiƙansa da rahama. Haka zabiyoyi ma suka sha, a yi ta shewa ana liƙa musu a biki in an tashi neman aure a ce 'yar mai amada ce.

Bagobiri na Sabon Birni:
Amin. Wanga yaro ya faɗi abin da mu manya munka ƙi faɗi.

'Yar Kaduna:
Yaya wlh ban taɓa sanin haka abin yake ba, Allah ya jiƙan Baba. Amma tambaya, yanzu duk Kano ba sauran mai kalangu kenan?

Jikan Makaɗi:
Akwai ƙanwata, ba su ƙare ba. Ki je gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari da yamma ki ji, dambe ba ya yiwuwa da kwamfuta don sai makaɗi ya ga ɗan dambe ya shigo ya kaɗa masa takensa ya zuga shi, abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago har yau shi ake yi. Hawan sallah ma kakaki da algaita da tambura suna nan, Katsina akwai 'yan asharalle, zuri'ar Ɗanƙwairo suna taɓawa. Ƙanen babana ma yana nan da ransa yana zuwa sunan mahauta da bikinsu. Sai dai duk wanda za ki gani furfura ce a kansa, yaran da ke bayansu ba su da yawa.

Ɗan Zoo Road:
Yaya Allah ya jiƙan Baba. Ni wata shawara ce ta zo min, ka kawo Baffan naka situdiyonmu mu ɗauki kalangunsa da kyau, kowane bugu daban na sama da na ƙasa da na matsewa, in na zuba su a kwamfuta duk waƙar da zan haɗa sai in riƙa sa kalangu na gaske maimakon wancan da ka ce gawa ne. Naziru Sarkin Waƙa da Ala ai sun nuna mutane na son jin ƙamshin kiɗan fada a waƙar zamani. Zan biya shi na ranar ba kyauta ba.

Jikan Makaɗi:
Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma ka sake duba abin da ka ce. Ka biya shi na rana ɗaya, hannunsa ya zauna a kwamfutarka shekara ashirin kana waƙa da shi, ka tura wa abokanka su ma su yi, daga ranar ba wanda zai sake neman tsohon nan don an riga an tatse shi. In kana son kalangu a waƙa ka kira shi duk ranar da za a yi waƙar ya ji baitin ya bi shi, ka biya shi na wannan waƙar ka sa sunansa. In ya so ka ajiye yaro ɗaya a gefensa yana kallo.

Ɗan Zoo Road:
Gsky ban kalle shi ta nan ba. Amma in faɗa maka gaskiya ba kowane mai waƙa ne zai yarda da ƙarin kuɗin ba, wasu da ƙyar suke biyan na situdiyo ma. Zan gwada da mutum ɗaya da nake ganin zai yarda, waƙar sarauta ce yake shirin yi, ban yi alkawarin sauran ba.

Malamin Hausa:
Ɗauka don ajiya daban, ɗauka don a maye gurbin mutum daban. Na farkon muna buƙatarsa da gaggawa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana bin makaɗa yana rubuta waƙoƙinsu da tarihinsu, amma takarda tana riƙe baiti ne ba ta riƙe take. Na taɓa zuwa wani gidan rediyo neman tsofaffin faya-fayai na tarar da su a jibge a wani ɗaki da rufinsa ke yoyo, wasu sun manne da juna. Duk mai tsohon kaset a gida don Allah kar ya zubar.

Kawun Fagge:
Ina da kwali biyu, har da na Haruna Uji da Hassan Wayam, Malam ka turo wanda zai juye su. Jikan Makaɗi kai kuma ga magana, autata za a ɗaura wa aure bayan sallah babba in Allah ya kai mu. Yara su yi dinarsu da DJ ɗinsu ba zan hana ba, amma ranar wuni a ƙofar gidana nake so Baffanka ya zo da mutanensa, kuma ba a bakin ƙofa za su ci abinci ba. Ka tambaye shi abin da zai karɓa.

Inna 'Yar Funtua:
Alhaji in za a yi haka a nemo masu ƙwarya ma a cikin gida, a ce kowa ta ajiye waya a jaka. In an gayyace ni zan zo daga Funtua.

Jikan Makaɗi:
Kawu yanzu muka gama waya da shi. Ya ce su uku suka rage, mai amshinsu ɗaya ya rasu bara ɗayan yana jan Adaidaita amma zai nemo shi. Maganar kuɗi ya ce ba a yi da shi a waya sai ya zo ya gaishe ka. Ni kuma na ce masa zan sauko da na babana a kai a sake masa fata in riƙe musu, ya ce in zo gobe da yamma ya ji ko hannuna bai mutu ba. Ya ce kuma in tambaye ka tun yanzu sunan amarya da na ango, da sunan mahaifinka da kakanka da sana'ar da gidanku ya gada, da unguwar da kuka taso kafin ku zo Fagge.